Sabon Maigida, Tsofaffin Ma'aikata: Abin da Ke Biyo Bayan Sayar da Kamfani

Wanda ya kama aiki da kamfanin waya na Celtel a Njamena, babban birnin Cadi, a farkon shekarun 2000, in ya daɗe a kujerarsa, ya ga an sauke allon ƙofa har sau biyu: Celtel ta koma Zain a 2008, Zain ta koma Airtel a 2010 bayan da kamfanin Bharti na Indiya ya saye ta. Takwaransa na Tigo ya kwanta yana ma'aikacin Millicom, ya wayi gari a 2019 yana ƙarƙashin Maroc Telecom, daga baya riga da hula suka koma na Moov Africa. A Kamaru, mai aikin lantarki a madatsar ruwa ta Lagdo bai gusa daga bakin Binuwai ba, amma SONEL ɗin da ya sani, wato kamfanin lantarkin ƙasar, ta shiga hannun AES na Amurka a 2001, ta fita zuwa hannun Actis na Ingila a 2014, aka raɗa mata Eneo. A Mundu kuwa, Olam ya sayi kashi 60 cikin 100 na CotonTchad, kamfanin audugar Cadi, a 2018.

Duk ranar da aka ƙulla irin wannan ciniki, jaridu farashi suke kawowa da rabon hannun jari da hoton manya suna musafaha. Mai saye ya riga ya aiko ƙwararru sun ƙirga motoci, sun duba injuna, sun bi littattafan kuɗi layi-layi. Akwai abu ɗaya da ba ya shiga wannan ƙidaya, kuma shi ne ke yanke hukunci a kan ko kuɗin da aka zuba za su dawo: abin da direba da makaniki da akawu da malamin gona suka ƙudura a ransu game da sabon maigidan a watannin farko.

Sabbin shugabanni suna da wata jimla da suke saurin furtawa in abubuwa suka fara tsayawa: “mutanen nan ba sa son canji.” Wannan magana ragwanci ce. Mutumin da ake faɗa wa haka ya sauya waya sau uku cikin shekara biyar, ya koyi tura kuɗi ta waya ba tare da kowa ya zaunar da shi a aji ba, ya bar kamfanin motar da ya saba hawa daga Marwa zuwa Garwa ranar da ya ga wanda ya fi shi. Canjin da ya ga ribarsa, da gudu yake tararsa. Abin da ake kira taurin kai a wurin aiki yawanci lissafi ne, kuma lissafi mai ma'ana: me zan rasa, wa zai yanke mini hukunci gobe, kuma wanda ke gaya mini kada in damu, ya taɓa gaya mini gaskiya?

Lissafin da kuɗi yake farawa, kuma a nan doka ta yi magana fiye da yadda ma'aikata da yawa suka sani. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992, a sashe na 42, ta ce idan matsayin mai kamfani ya canja, ko ta gado, ko ta sayarwa, ko ta haɗewa da wani kamfani, duk kwantiragin da ke aiki a ranar canjin yana ci gaba tsakanin sabon mai kamfani da ma'aikata. Ma'ana, shekarun da mutum ya yi ba sa gogewa, matakinsa da albashinsa suna biye da shi. Dokar ta ware hali biyu: idan kamfanin ya sauya sana'arsa, ko kuma idan ma'aikata suka je gaban sufeton ƙwadago kafin canjin suka ce sun zaɓi a sallame su a biya su haƙƙoƙinsu. Cadi ma, da dokarta ta 1996, a kan wannan tushe na ci gaban kwantiragi take. In kuwa hannun jari kawai aka sayar, kamar yadda aka fi yi da manyan kamfanoni, to a idon doka mai ɗaukar aiki bai ma canja ba, masu shi ne suka canja.

Me ya sa batun shekaru ke hana mutane barci? A yi lissafin a gani. Mafi ƙarancin kuɗin sallama da doka ta tsara a Kamaru shi ne kashi 20 cikin 100 na matsakaicin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, kashi 25 daga ta 6 zuwa ta 10, kashi 30 daga ta 11 zuwa ta 15, kashi 35 daga ta 16 zuwa ta 20, kashi 40 daga ta 21 zuwa sama. Mai albashin sefa 150,000 da ya yi shekara 12, in aka sallame shi, yana da kashi 100 da 125 da 60, wato kashi 285 na albashinsa, sefa 427,500. Yarjejeniyar gama-gari ta wasu sana'o'i ma ta fi haka tsoka. To a ce an miƙo masa “sabon kwantiragi” mai sabon tambari, ya sa hannu ba tare da ya lura an rubuta ranar fara aiki sabuwa ba. In aka sallame shi bayan shekara ɗaya da rabi, sai a ce bai cika shekara biyun da ake bukata kafin a cancanci kuɗin sallama ba. Zai iya kai ƙara, amma ƙara tana cin watanni da kuɗin mota. Kuɗin daɗewa da ake ƙarawa a albashi kowane wata shi ma da shekaru ake auna shi. Saboda haka duk takardar da sabon maigida ya raba don a sa hannu a makonnin farko, ko da ta sauya lambar asusun banki ce, da idon tuhuma ake karanta ta. A 2021, tun ana ƙishin-ƙishin cewa ExxonMobil zai sayar da rabonsa na man Doba, ma'aikatan Esso, reshensa na Cadi, suka shiga yajin aiki a kan makomar haƙƙoƙinsu. Ba a kammala cinikin da mai sayen, kamfanin Savannah Energy, ba sai Disamba 2022, a Maris 2023 kuma gwamnatin Cadi ta mayar da kadarorin hannun ƙasa. Ma'aikatan sun motsa ne fiye da shekara guda kafin mai sayen ya karɓi makulli.

Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, domin a rubuce yake. Mai wuyar shi ne yarjejeniyar da ba a taɓa rubutawa ba.

Kowane tsohon kamfani a arewacin Kamaru da Cadi yana da irinta. Ana ba da abans, wato wani ɓangare na albashi tun wata bai ƙare ba, idan Babbar Sallah ko komawar yara makaranta a Satumba ta matso. Ranar Juma'a ba mai neman kowa daga azahar zuwa bayan an sauko daga masallaci. A watan azumi ana fara aiki da sanyin safiya a tashi da wuri, musamman in azumin ya faɗo a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Marwa da Kusiri ke haura digiri 40. In ma'aikaci ya yi rasuwa a gida, motar kamfani ke kai abokan aiki gaisuwa. In tsohon mai gadi ya yi ritaya, ana duba ɗansa kafin a duba wani. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a kwantiragi, saboda haka lauyan mai saye bai gan su ba. Sabon daraktan kuɗi yana zuwa daga Duwala, ya tarar da wani asusu na abans da ba shi da ƙa'ida a rubuce, ya rufe shi da saƙo mai layi uku, yana ganin gyara ya yi. Kuɗin da ya tsare ƙalilan ne, domin abans bashi ne da ake cirewa a ƙarshen wata. Amma magidancin da ya tsara sayen rago a kan wannan abans, ya je ya ci bashi a kasuwa, ya riga ya yanke hukunci a kan ko su waye sabbin mutanen nan. Daga ranar, duk wani alkawari da suka yi, da wannan ma'auni zai auna shi.

Ba cewa ake kada a taɓa komai ba. Wasu daga cikin tsofaffin al'adun ɓarna ce zalla, za mu zo kansu. Abin da ya kamata mai saye ya yi tun kafin ya karɓi makulli shi ne ya zauna da wakilan ma'aikata, waɗanda ake kira delege, da tsohon akawun albashi, a jero waɗannan al'adu ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowace farashinta na shekara. Yawancinsu za a tarar ba su kai kuɗin tikitin jirgin darakta ɗaya ba. Waɗannan a bar su, a kuma faɗa a fili cewa an bar su. Masu tsadar a sanar da ranar da za su tsaya, watanni kafin ranar, tare da dalili.

Akwai kuma batun girma, wanda baƙo ya fi saurin takawa. Shef ɗin gareji, wato shugabansa, da ya shekara 25 yana sa hannu a sayo kayan gyara, yanzu an ce sai matashin injiniya ɗan shekara 30 ya amince. Ana iya yin wannan a zauna lafiya, in matashin ya san ya shiga garejin ya ce “Baba, ina kwana, yaya kake ganin za mu yi da motar nan?” kafin ya buɗe kwamfutarsa. In kuwa ya gyara wa dattijon kuskure da ɗaga murya a gaban yaran da dattijon ya koya wa riƙon sifana, to ya rasa garejin gaba ɗaya. Ba wanda zai yi masa musu. “To, ranka ya daɗe” zai riƙa ji daga safe har yamma.

Wannan “to” ɗin ita ce ainihin matsalar. Masu binciken halayyar ma'aikata, irin su Lynne Herscovitch da John Meyer a wani aiki da suka buga a 2002, sun rarrabe amincewa da canji gida uku: akwai wanda ya yarda don ya ga amfanin abin, akwai wanda ya yarda don yana jin nauyin kamfanin a wuyansa, akwai wanda ya yarda don ƙin yarda zai ja masa asara. Dukansu uku suna bin umarni. Bambancin shi ne biyun farko suna ƙarawa da abin da ba a umarce su ba, na ukun kuwa iyakarsa abin da aka ce. A garuruwanmu na uku ne ya fi yawa, domin aikin albashi mai rajistar CNPS, wato asusun fansho na ma'aikata, ba a tsince shi a hanya. Mai iyali a Gider ko Yagwa ba ya ajiye aiki don ransa ya ɓaci. Wannan ke yaudarar mai saye: ya duba ya ga cikin mutum 300 ba su fi biyar da suka tafi ba, ya rubuta wa hedikwata cewa an karɓi sauyi hannu biyu.

Su biyar ɗin da suka tafi kuma a duba ko su waye. Akawun da ya iya harhaɗa rahoton shekara, mai gyaran lantarki da ya san injin wuta ciki da bai, direban babbar mota da bai taɓa yin haɗari ba. Su ne masu inda za su je, ko ƙungiyoyin agaji da suka yawaita a Marwa da Kusiri da Njamena tun da rikicin yankin Tafkin Cadi ya tsananta, ko kamfanin da ake gasa da shi. Kuɗin riƙe ma'aikaci da masu saye kan ware, galibi manyan daraktoci ake bai wa, alhali darakta ya fi sauƙin mayewa a kan mutumin da shi kaɗai ya san ta inda aka binne wayar wutar da ke shiga sito na uku tun shekarun 1980.

Waɗanda suka zauna da “to” a baki, ga yadda asararsu ke fitowa. A masana'antar gurzar auduga, tsohon makaniki da kunne yake aiki. Yana wucewa ta gefen inji ya ji ƙara ta canja, ya san boris ya fara ci, ya ce a tsaya minti 40 a canja shi. Wannan ba ya cikin takardar aikinsa, sabo ne da kishi. Ranar da ya ƙudura cewa kamfanin ba nasa ba ne, zai ji ƙarar ya wuce, domin jadawalin da aka manna ya ce sai mako mai zuwa za a duba injin. Boris ya fashe, ya ci sandar da yake juyawa a kai, aiki ya tsaya kwanaki ana jiran kaya daga Duwala a tsakiyar kaka, motocin auduga sun yi layi a ƙofa. In aka yi bincike ba za a sami mai laifi ba. Kowa ya bi ƙa'ida.

Sabon tsarin amincewa da kashe kuɗi yakan ƙara wa wutar fetur. Da can bel ɗin sefa 40,000 in ya tsinke, mai sito ya ɗauki kuɗi a ƙaramar kes, wato asusun ƙananan kashe-kashe, ya hau babur zuwa kasuwa, kafin la'asar inji ya tashi. Yanzu sai an shigar da bukata a manhajar kwamfuta, an nemo farashi daga wurare uku, mutum biyu a hedikwata sun danna amincewa, kuma mai kayan dole ya kasance mai rajista da lambar haraji. Tsarin yana da dalilinsa, an kafa shi ne don toshe sata. Amma ma'aikacin da ke son abin ya yi kyau zai ɗaga waya ya ce wannan ƙa'ida ba ta dace da ƙananan kaya ba, a sa iyaka, ƙasa da kaza shef ɗin wuri ya sa hannu. Wanda ya cire rai zai shigar da bukatar daidai yadda aka koya masa, ya koma inuwa ya zauna. Tsari ɗaya ne, abin da ya bambanta sakamakon shi ne ko akwai wanda ya damu ya faɗi inda yake ciwo.

A wajen katangar kamfani abin ya fi tsada. Malamin gona da ke bin ƙungiyoyin manoman auduga shi ya san wanda ke biyan bashin taki da maganin feshi, da wanda ke karkatar da takin zuwa gonar masara, da ƙauyen da audugarsa ke iya tsallaka iyaka zuwa Najeriya in farashi ya fi kyau a can. Mai raba katin waya ya san dilan da za a iya ba kaya bashi. Manomi da dila ba su san mai hannun jari ba, wannan mutumin suka sani. In suka tambaye shi “yaya sababbin naku?” ya ɗaga kafaɗa ya ce “sai a hankali”, labarin ya gama kasuwa kafin sati. Da ɗan gari akan ci gari, shi kuwa ɗan garin an bar shi ya ji labarin sayar da kamfaninsa a rediyo.

Maganar rediyo ta kawo mu kan isar da labari, inda arewa ke da tata matsalar daban. Ana yanke shawara a Duwala ko Yawunde ko Njamena, wani lokaci a Faris ko Kasablanka ko Singafo. Kafin takarda ta iso reshen Garwa, rediyo mai jini ya riga ta da mako biyu, ya kuma ƙara gishiri: za a kori rabi, za a kawo 'yan kudu su maye kowa, an soke fansho. Takardar in ta iso, da Faransancin lauyoyi take, an manna ta a allo, alhali aikin garejin da Fulatanci da Hausa ake yinsa, na Kusiri da Njamena da Larabcin Shuwa, na Mundu da Ngambai. Duk wanda ya fassara wa sauran, shi ya zaɓi ma'anarta.

Akwai wani gwaji da David Schweiger da Angelo DeNisi suka buga a 1991 a Amurka, kan masana'antu biyu na kamfani ɗaya da ke shirin haɗewa da wani. A ɗaya an bar ma'aikata da sanarwar da aka saba. A ɗayar an riƙa ba su bayani na gaskiya a kai a kai, ta takardar labarai da layin waya na tambaya da zama da shugabanninsu, har da labarin da ba shi da daɗi. A duka biyun hankali ya tashi da aka sanar da haɗewar. Amma inda ake bayani tashin hankalin ya tsaya bai ci gaba da hauhawa ba, yarda da kamfani ta fara dawowa, a ɗayar kuwa abin ya yi ta lalacewa. Abin lura shi ne ba albishir aka yi musu ba. An dai daina barin su cikin duhu.

A aikace, wannan na nufin zama a kowane reshe, ido da ido, a cikin makon farko, da harshen da ake aiki da shi, kuma wanda zai yi magana ya zama mai ikon amsa tambaya. A ce musu ga abin da aka yanke, ga abin da ba a yanke ba tukuna, ga ranar da za a yanke shi. Sai a cika ranar, ko da abin da za a faɗa shi ne an ɗaga. Jimlar da ta fi kowace ɓarna ita ce “babu abin da zai canja”, domin kowa ya san ba a zuba biliyoyi don a bar abu yadda yake, kuma ranar da aka canja ko da mai kawo ruwan sha ne, an kama shugaba da ƙarya. Dokar Kamaru ta tanadi delege a duk wurin aikin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama, ba a kuma sallamar delege sai da izinin sufeton ƙwadago. Sabon shugaban da ya ɗauke su 'yan tada zaune tsaye ya toshe wa kansa hanya ɗaya tilo da mummunan labari zai iso masa da wuri. Alkawarin da ya shafi kuɗi kuwa, a sa masa rana. Kashi 5 na hannun jarin kamfanin lantarkin Kamaru da aka ware wa ma'aikata tun cinikin 2001 bai shiga hannunsu ba sai bayan fiye da shekara goma.

In rage ma'aikata ya zama dole, sashe na 40 na dokar Kamaru ya shimfiɗa hanya: a zauna da delege a gaban sufeton ƙwadago a nemi mafita, kamar rage sa'o'i, aikin karɓa-karɓa, zaman gida na wucin gadi ko sake duba alawus, cikin tattaunawar da ba ta wuce kwana 30 ba. In ba a daidaita ba, a fitar da jerin sunaye bisa ƙwarewa da daɗewa da nauyin iyali, wanda aka sallama kuma yana da fifiko na shekara biyu in aka tashi sake ɗaukar irin aikinsa. Kamfanoni sukan bi wannan don gudun kotu. Abin da suke mantawa shi ne masu kallo. Wanda ya ga abokin aikinsa na shekara 18 ya zo da safe mai gadi ya hana shi shiga, ya karɓi takardarsa ta taga, ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta. Zai shafa wa nasa ruwa, kuma ruwan shi ne ɓoye abin da ya sani don kada a iya yi ba shi. Sallama kashi-kashi, goma yau, goma bayan wata uku, ta fi sallamar lokaci ɗaya illa, domin ba wanda ya san ko an gama.

Yanzu ga ɗaya gefen, don kada a ɗauka duk mai ƙorafi mai gaskiya ne. A kamfanonin da suka daɗe ba a duba su, musamman waɗanda suka fito daga hannun gwamnati, akwai masu cin moriyar duhu: man mota da ake rubuta lita 200 a zuba 150, kuɗin tafiyar da ba a yi ba, sunayen leburorin da ba su taɓa zuwa ba, kayan gyara da ake saye daga shagon ƙanin shef. Irin waɗannan su suka fi kowa ɗaga murya a kan “mutuncin tsofaffin ma'aikata”, kuma sun iya jan sauran a baya. Hanyar rarrabewa ita ce a saurari abin da ƙorafin ya ƙunsa. Mai kishin aiki yana kawo abu takamaimai: wannan tsari yana jinkirta kaza da kwana kaza, ga yadda za a gyara. Mai kare aljihu ba ya son a shiga bayani dalla-dalla, ya fi son a ce komai ya lalace. Kuskuren sabon maigida shi ne ya haɗa su a kwando ɗaya, ya sa wa kowa na'urar bin diddigi da bincike a ƙofa a rana ɗaya ba bayani, sai mai gaskiya ya ji an kira shi ɓarawo, ya koma sahun wanda da can yake ƙyama.

Akwai alamomin da suka fi takardar jin ra'ayi faɗin gaskiya, tunda takardar jin ra'ayi ba wanda ya yarda ba a gane rubutun hannunsa. A ƙirga masu zuwa ofishin ma'aikata neman takardar shaidar aiki, domin ba a neman ta sai ana neman wani aikin ko bashin banki. A duba takardun hutun asibiti na kwana biyu da uku, musamman na Litinin. A kwatanta yawan rahoton ƙananan matsalolin inji da yawan manyan lalacewa: in na farko ya ragu na biyu ya ƙaru, mutane sun daina faɗa ne. A lura da masu karɓar aikin ƙarin sa'o'i, da yawan tambayoyi a taro. Taron da aka tashi ba tambaya ko ɗaya, kowa ya ce madalla, shi ya kamata ya hana shugaba barci.

Shi ma ma'aikaci yana da aikin yi tun ranar da ya ji ƙishin-ƙishin. Ya tattara kwantiraginsa na asali, takardun ƙarin girma, da takardun albashi aƙalla na wata 12 na ƙarshe, tunda da su ake fitar da matsakaicin albashi. Ya je ofishin CNPS ya duba ko an zuba masa duk watannin da aka cire a albashinsa, domin giɓin da tsohon mai kamfani ya bari yakan ɓuya har sai ranar neman fansho. Kada ya sa hannu a takardar da ke ɗauke da ranar fara aiki sai ya ga ranarsa ta asali. In aka zo masa da babban sauyi a kwantiragi, kamar rage albashi, ya ƙi, doka ta ɗora rabuwar a wuyan kamfani, ba murabus ba ce. Zaɓin karɓar haƙƙoƙi kafin canjin kuwa, sefa 427,500 suna da kyan gani a hannu, amma ba su kai albashin wata uku na mai 150,000 ba, kuma babu dokar da ta tilasta wa sabon maigida ya sake ɗaukar wanda ya zaɓi tafiya.

Akwai rukunin da duk wannan kariya ba ta cika isa gare su ba: 'yan aikin kaka da ake ɗauka lokacin gurza a sallame su in ta ƙare, masu dako, masu gadi da masu shara da ke ƙarƙashin ɗan kwangila. In cinikin ya faɗo a damina, lokacin da ba su da kwantiragi mai aiki, babu abin da ya bi su zuwa hannun sabon mai kamfani sai sabo, wato sanin cewa kowace shekara akan kira su. Da yawansu sun fi wasu na dindindin daɗewa a kan injin. In ba a aika musu tun kafin kaka cewa za a kira su ba, kuma a kan nawa, sukan kama wani abin, wani ya tafi noman albasa na rani, wani ya ɗauki babur haya, sai ranar tada injuna ta zo a tarar da sababbin hannu a kan na'urar ɗaure auduga.